Tambaya da Amsa: Sayen gidan haya a ƙasar waje

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk bakinsu ɗaya, 'yan uwanmu ne mazauna waje da Allah ya ɗan buɗa musu, kowa so yake ya sayi gida ya zuba 'yan haya ko ya samu abin dogaro ranar da aiki ya ƙare. Na ɗauko guda biyar, wasu na rage musu tsayi saboda fili amma ban taɓa ma'anar ba.

TAMBAYA: Salam Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ɗan Zariya ne, injiniya, shekarata 11 ina aiki a Sharja kuma alhamdulillah na tara abin da na tara. Wani dillali ya nuna min fulat ciki da falo a unguwar JVC a Dubai dirhami 700,000, yace haya zata riƙa kawo min kashi 8 cikin 100 duk shekara kuma wai zan samu bizar zama ta dindindin. Kusan duk ajiyata kenan fa. In saya?

AMSA: Wa alaikumus salam Injiniya, Allah ya ƙara buɗi. Dillalin nan ba lallai ƙarya ya maka ba akan kashi 8 ɗin, amma lissafinsa na mai neman la'ada ne, ya ɗauki kuɗin haya na shekara ya raba da farashin gida ya tsaya anan. Kai kuwa abin da ya dame ka shine abin da zai rage a aljihunka bayan kowa ya ɗebi nasa, to zo mu yi wannan lissafin tare.

Ranar saye ba 700,000 zaka biya ba. Hukumar filaye ta Dubai tana karɓar kashi 4 na farashin kafin ta juya takarda zuwa sunanka, 28,000 kenan, kuma a aikace mai saye ake bar wa shi. La'adar dillali kashi 2, da harajin VAT a kanta ta zama 14,700. Ofishin da ake yin rajistar cinikin shima yana karɓar 4,000 da VAT. Kaga tun baka riƙe makulli ba ka doshi 747,000. Hayar da ya faɗa maka 56,000 ce a shekara. A cikinta zaka cire kuɗin sabis na bene, wato na lifta da masu gadi da shara da wurin wanka da sauransu, kuma wannan mai gida ke biya ba ɗan haya ba, ko da mutum a ciki ko babu. Da faɗin gida ake lissafa shi, mu ɗauka fulat ɗin ƙafa 750 ne kuma ana cajin dirhami 15 kowace ƙafa, 11,250 sun tafi. Mu ce kamfanin da zai kula maka da gidan ya ɗauki kashi 5, wato 2,800, gyaran esi da famfo da fenti mu sa 2,000, sannan wata ɗaya da gidan zai zauna ba kowa tsakanin fitar wani da shigar wani, kusan 4,700. Abin da ya rage bai wuce 35,300 ba, in ka raba shi da 747,000 zaka ga kashi 4.7 ne. Alƙaluman sabis da gyara misali na kawo, na gaskiyar ka nema da kanka, hukumar filaye tana da jerin kuɗin sabis da aka amince wa kowane bene, kuma ka sa mai sayarwa ya nuna maka takardar biyansa ta bara da ta bana, don akwai benen da kuɗin sabis ɗinsa kaɗai ya isa ya cinye ribar.

Sai maganar ɗan haya, don mu da muka saba da gida inda mai gida zai wayi gari yace ya ninka haya ko a tashi nan da wata uku, can ba haka bane. Dole a yi wa yarjejeniyar haya rajista a tsarin Ejari. Ƙarin haya kuma akwai dokar 2013 da ta ɗaure shi: in hayarka bata gaza matsakaicin unguwar da fiye da kashi 10 ba, baka da ikon ƙara ko sisi, daga nan ƙarin yana hawa 5, 10, 15, iyakarsa kashi 20, kuma sai ka sanar da shi kwana 90 kafin yarjejeniyar ta ƙare. In kuma so kake ya tashi don ka sayar ko ka shiga da iyalinka, sanarwar wata 12 ce a hukumance. Saboda haka in akwai ɗan haya a cikin fulat ɗin yanzu, tambayi nawa yake biya, don wannan kuɗin zaka gada ba wanda dillali ya rubuta maka a WhatsApp ba.

Bizar kuwa, wadda ake ta magana ta shekara 10 sai gidan da ya kai dirhami miliyan 2, kuma sabuntawa ake yi, ba ta dindindin bace. Naka bai kai rabi ba. Kuma kai shaida ne tunda kana can lokacin da aka daina ba 'yan Najeriya biza a ƙarshen 2022, ba a dawo da ita ba sai Yulin 2024. Ka ɗauka a ce aiki ya ƙare ka koma Zariya sannan irin haka ta sake faruwa, waye zai karɓi cak, waye zai kira mai gyara, waye zai tsaya maka a ofishin ƙararrakin haya? Wannan amsar ka same ta tun kafin ka sa hannu.

Ni ban ce kar ka saya ba. Dirhami a ɗaure yake da dala, 3.67 shekara da shekaru, kuma can ba a karɓar harajin kuɗin shiga akan hayar da mutum ya karɓa da sunansa, ga wanda ya ga abin da ya faru da naira wannan ba ƙaramin abu bane. Abin da ban yarda da shi ba shine ka zuba duk ajiyarka. Farashin gidaje a Dubai ya taɓa faɗuwa kusan rabi a 2008 zuwa 2009, ya kuma yi ta zamewa a hankali daga 2014 har 2020, wanda buƙata ta tilasta wa sayarwa a irin wannan lokacin shine ya ji jiki. Ka nemi wanda ya fi wannan sauƙi yadda zaka bar kuɗin cefanen wata shida zuwa shekara a gefe, ko ka ƙara haƙuri ka ƙara tari.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni ɗan kasuwa ne a Kwari, ina ɗan leƙa Dubai sayen kaya. Na ga talla ana cewa ka bada kashi 20 kafin alƙalami sannan ka riƙa biyan kashi 1 duk wata har a gama ginin a baka makulli, kuma wai kafin a gama ma farashi ya tashi ka sayar ka ci riba. Abokaina biyu sun shiga. Wannan ba cinikin biri a sama bane kuwa?

AMSA: Alhaji ai ka riga ka kira shi da sunansa, sai dai wannan birin gwamnati ta ɗan ɗaura masa igiya. Tun 2007 akwai doka a Dubai cewa kuɗin masu sayen gidan da ba a gina ba sai sun shiga asusun amana na wannan aikin kaɗai, ana sakar wa kamfani daidai yadda gini ke tafiya. Ana kuma yi wa cinikin rajistar wucin gadi da ake kira Oqood da sunan mai saye. To abu biyu kenan da zaka riƙe. Kar ka tura ko dirhami ɗaya asusun dillali ko na wani ɗan uwa da yace zai haɗa ya biya muku, lambar asusun amanar aikin zaka nema ka duba ta a manhajar hukumar filaye, Dubai REST, anan ma zaka ga kashi nawa aka yi na ginin. Sannan in ka biya ka ga takardar Oqood da sunanka yadda yake a fasfo, harafi da harafi.

Amma ni damuwata da kai ba damfara bace, canji ne. Kai da naira kake ciniki, bashin kuma da dirhami ka ɗauka, wanda dala ce a wata riga. A farkon 2023 farashin gwamnati na dala bai kai naira 500 ba, bayan an saki naira a watan Yuni kafin shekara ta zagayo ta haura 1,500. Wanda ya sa hannu kafin nan yana ganin kashi 1 a wata abu ne mai sauƙi, sai ya wayi gari kowane biya ya ninka masa a naira, kuma a daidai lokacin da kasuwar atamfa da shadda ta yi sanyi saboda wannan tashin dalar dai. In kuma ka kasa biya, bayan an baka wa'adin kwana 30 ta hannun hukuma, doka ta ba kamfani damar soke cinikin ya riƙe har kashi 25 na farashin gidan in ginin bai kai kashi 60 ba, ko har kashi 40 in ya wuce nan. Na farashin gidan fa Alhaji, ba na abin da ka biya ba, kaga mutum zai iya biyan shekara guda ya tashi ba gida ba kuɗi.

Batun sayarwa kafin a gama, kamfanoni basa barinka sai ka biya wani kaso da suka gindaya a yarjejeniya sannan su baka takardar amincewa, kuma ranar da kake son sayarwa akwai masu irin tunaninka da yawa a wannan benen ɗaya. Haya kuwa babu ita sai an gama, shekara biyu ko uku kuɗinka na kwance, in an makara kuma ya fi haka, kai kasan sau nawa zaka juya wannan kuɗin a kanti cikin shekara uku. In kana da rabin kuɗin gidan a dala a ajiye wanda ba jarin shago bane, bismillah ka zaɓi kamfanin da ya taɓa gama gini ka je ka ga benen da idonka ka tambayi mazauna ciki. In daga cinikin wata-wata zaka riƙa yanka, ni dai ban baka shawara ba.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni nas ce a arewacin Ingila shekara 4 yanzu, haya nake zaune ni da maigidana da yara. Mun tara kusan fam 45,000 muna so mu sayi ƙaramin gida na kamar fam 150,000 mu sa haya, amma bama son bashin ruwa. Maigidan yana da gida a Kaduna da ya gada. Ta ina zamu fara dan Allah?

AMSA: Lafiya lau 'yar uwa, Allah ya saka da alheri akan aikin jinya. Na ji daɗi da kika ambaci gidan Kaduna, don shine abin da mutanenmu ke mantawa har sai lauya ya tambaya. A Ingila wanda ya riga yana da gida in zai ƙara wani, ana ɗora masa ƙarin kashi 5 akan harajin sayen gida, an ɗaga shi daga kashi 3 a ƙarshen Oktoban 2024, kuma gidan da ake lissafawa ko'ina yake a duniya ne matuƙar darajarsa ko ta kason mutum a ciki ta kai fam 40,000, sannan mata da miji ana ɗaukarsu kamar mutum ɗaya a wannan lissafin. To in gidan Kaduna ya kai haka, akan gidan 150,000 zaku biya 7,500 da kuma 500 na asalin harajin, 8,000 kenan. In bai kai ba 500 ne kawai. Ku sa a yi masa ƙima a rubuce, in gado ne da 'yan uwa a fitar da kasonsa, ku faɗa wa lauya gaskiya, ɓoyewa ba alheri.

Hanyar da ba ruwa akwai ta. Bankin Gatehouse misali yana da tsarin sayen gidan haya na Musulunci, ku da banki ku haɗa ku saya, kuna biyan haya akan kason banki, a wani tsarin kuma kuna sayen kason nasa kaɗan-kaɗan har gidan ya zama naku. Galibi a gidan haya kashi 25 ake nema daga mai saye, 37,500 kenan a naku, in kika haɗa da haraji da lauya da mai duba lafiyar gini zaki ga 45,000 ɗin nan ta ƙare tas, wataƙila ma bata isa ba. Kuma masu zama da bizar aiki bankuna sun fi tsaurara musu, don haka ku fara jin ta bakin bankin kafin ku fara zagayen ganin gidaje.

Ki lura da irin mallakar. Yawancin fulat a can lis ne, wato kin sayi zama na wasu shekaru ne ƙasar ta wani ce, kina biyan sabis duk shekara, kuma in shekarun da suka rage suka yi ƙasa da 80 sabuntawa tsada sayarwa wahala. Gidan ƙasa mai cikakkiyar mallaka ya fi kwanciyar hankali ga mai farawa. Mai bada haya kuma akwai nauyi a kansa: takardar lafiyar gas duk shekara, ta wutar lantarki duk shekara 5, kuɗin ajiyar ɗan haya kar ya wuce na sati 5 kuma a saka shi a asusun da gwamnati ta amince cikin kwana 30. Sabuwar dokar masu haya ta 2025 ta kuma soke tsohuwar hanyar tada ɗan haya ba tare da dalili ba, in ya daina biya sai an bi kotu, ku kuma banki baya jira. Ribar hayar za a ɗora ta akan albashinki a cire haraji, kashi 20 ko 40 in kin haura fam 50,270. In wata rana kun koma gida, ejan ɗin da ke karɓar muku haya zai riƙa cire kashi 20 ya miƙa wa hukumar haraji sai in kun cike fom ɗin NRL1 an amince.

Amma tsakani da Allah 'yar uwa, tunda ku kanku haya kuke biya duk wata, me zai hana wannan kuɗin ku fara sayen inda zaku zauna? Kafin alƙalamin da ake nema a gidan zama ya fi sauƙi, ba ruwanku da ɗan hayar da ya ƙi biya, kuma hayar da kuke ba wani ta koma sayen naku. Kar dai ku karɓi tsarin gidan haya ku shiga da kanku, ko na gidan zama ku sa haya ba izinin banki, saɓa yarjejeniya ne. Duk wanda kuka saya kuma ku rubuta wasiyya a wajen lauya, don in mutum ya rasu ba wasiyya dokar Ingila ce zata raba, ba rabon gado na Musulunci ba. Sayen gida kuma baya bada takardar zama, wannan ki cire shi a lissafi.

TAMBAYA: Malam ni a Jidda nake shekara 16. Kafil ɗina, wato ɗan ƙasar da ya tsaya min nake zaune a nan, mutumin kirki ne wallahi kamar uba yake a wajena. Yace in kawo kuɗina ya ƙara nasa mu sayi gida da sunansa mu sa haya muna rabawa, tunda ni baƙo ne. Me ka gani?

AMSA: Ɗan uwa ban musa kirkinsa ba, shekara 16 ta isa a san mutum. Amma shima mai mutuwa ne kamar ni da kai. Ranar da ta Allah ta kasance, gidan da takardarsa ke ɗauke da sunansa ya shiga gadonsa, 'ya'yansa da matansa ne zasu zauna a kai, wasunsu ma basu san da zamanka ba, kai kuma iƙamarka, wato takardar zamanka, ma a lokacin tana lilo. Ko yana raye in bashi ya hau shi kotu zata iya riƙe gidan. Da me zaka je gaban alƙali? In ka ce kuɗina ne na saka da sunansa don doka bata bani dama ba, ka kai ƙarar kanka, don Saudiyya tana da dokar tasattur mai hukunta baƙon da ya fake da sunan ɗan ƙasa yana harkar da ba a bashi izini ba, da shi da wanda ya ara masa sunan, hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Kaga shi kansa bawan Allahn ka jefa shi a haɗari.

Kuma yanzu ƙofa ta fara buɗewa. An amince da sabuwar dokar mallakar gidaje ga waɗanda ba 'yan ƙasa ba a Yulin 2025, ta fara aiki Janairun 2026, baƙo na iya mallaka a yankunan da gwamnati ta ware, Makka da Madina kuma da sharuɗɗansu na musamman, Musulmi kaɗai. To ka je wajen lauya mai lasisi ko hukumar kula da gidaje da filaye da iƙamarka, ka tambaya ko kai ka cika sharuɗɗa kuma a wace unguwa, a fito da takarda da sunanka ko da sunanku ku biyu kowa da kasonsa a rubuce. Ka sa harajin cinikin gida na kashi 5 a lissafi, haya kuma ta tsarin Ejar ake rubuta ta. In ya zamana baka cika ba, gara ka kai kuɗin inda sunanka zai hau takarda, ko da a garinku ne. Ka faɗa wa kafil ɗin cikin ladabi, mutumin kirki bazai ji haushin rubutu ba, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ma, ta 282 a Baƙara, akan rubuta bashi da kafa shaidu take.

TAMBAYA: Malam gidan da na saya a waje na sa haya, akwai zakka akan gidan kansa ne ko akan kuɗin hayar?

AMSA: Hajiya, abin da mafi yawan malamai suke kai shine gidan da aka saya don haya babu zakka akan darajarsa, komai tsadarsa. Zakkar tana kan kuɗin hayar ne, ki haɗa abin da ya taru da sauran kuɗinki na ajiya, in ya kai nisabi, wato kimanin giram 85 na zinari, kuma shekara ta zagayo a kansa, sai ki fitar da kashi 2.5. Wanda kika kashe a gyara ko sabis ko cefane kafin shekarar ta cika babu komai a kansa. In kuwa tun farko da niyyar sayarwa kika saya, hayar ta jiran kasuwa ce kawai, to ya shiga babin kayan kasuwanci, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya akwai bambanci tsakanin mai juya kaya kullum da mai ajiyewa yana jiran farashi, shi na biyun sai ya sayar yake fitar da zakkar shekara ɗaya. Wannan ki zauna da malamin da ya san fiƙihu ki faɗa masa niyyarki ta ranar da kika saya, kuma ki yi lissafin da kuɗin ƙasar da hayar take taruwa, sannan ki canza zuwa naira a farashin ranar da zaki fitar in a gida zaki raba.